Tarihin Hausawa Da Ke Kwance Cikin Harshen Fotugal

Yau ina so ne mai karatu ya ara mini hankalinsa mu tsallaka teku, domin akwai wani babi na tarihin Hausawa da aka rubuta shi da harshen Fotugal, kuma akasarin takardunsa suna can ajiye a wani tsohon birni na bakin teku a ƙasar Birazil mai suna Salvador, hedikwatar jihar Bahia. A wannan birni na yi watanni takwas ina koyon harshen cikin shekarar 2018. Abin da zan kawo a nan shi ne abin da wannan karatu ya buɗe mini game da mutanenmu, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ya kamata wasu daga cikin yaranmu su nemi wannan harshe da gaske.

Fotugal a bakin ƙofarmu

Mu da muke zaune a Kudu, musamman a nan Ikko, kusan kullum sai mun furta kalmomin Fotugal. Sunan Legas kansa daga bakinsu ya fito, ma'anarsa tafkuna. Kalmomin nan "sabi" da "pikin" da ake ji cikin Turancin buroka daga Idumota har Agege, asalinsu "saber" da "pequeno" ne, wato sani da ƙarami. Escravos ɗin da muke ji a labaran man fetur kuwa fassararsa ita ce bayi, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya maka irin hajar da aka riƙa lodi a bakin wannan kogi. Jiragen ruwan Fotugal sun iso gaɓar tekun nan wajen shekarar 1472, wato fiye da shekaru 400 kafin sojojin Ingila su shiga Kano da Sakkwato a 1903. Cikin jiragensu ne rogo da kashu suka tsallako daga Birazil zuwa Afirka.

Ni dai neman abinci ne ya kai ni ga harshen. Kamfanin da nake wa aikin fiton kaya a Apapa yana hulɗa da 'yan kasuwar Birazil da Angola, kuma ana bukatar wanda zai iya karanta takardunsu ba sai an nemi tafinta ba. Mutane sama da miliyan 250 ne ke magana da harshen, kuma shi ne harshen gwamnati a ƙasashe tara, shida daga ciki a Afirka suke. Tsakanin Legas da Salvador kimanin kilomita 5,000 ne a kan teku, to amma da yake babu jirgin sama da ke zuwa kai tsaye, sai da na bi ta Adis Ababa, na sauka Sao Paulo, sannan na sake hawa wani jirgin na yi arewa. A ƙarni na 19 kuwa jiragen ruwa masu tafiya da iska kai tsaye suke zirga-zirga tsakanin waɗannan garuruwa biyu, kuma wannan zirga-zirga ita ce tushen labarinmu na yau.

Birni mai hawa biyu

Wani gwamna mai suna Tomé de Sousa ne ya kafa Salvador a shekarar 1549, kuma ita ce babban birnin Birazil har zuwa 1763 lokacin da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. Birnin hawa biyu ne. A ƙasa, bakin ruwa, nan tashar jiragen ruwa da kasuwanni da gidan kwastan suke. A saman tudu kuma fadar gwamna da kotuna da manyan coci-coci da gidajen masu hali. Wani lif mai tsawon mita 72 da ake kira Elevador Lacerda, wanda aka buɗe a 1873, shi ke haɗa sama da ƙasa. Kafin a gina shi, bayi ne ke hawa da sauka da buhunan sukari da gangunan kaya a ka, har da su kansu iyayengijin nasu, cikin wata irin kujera mai labule wadda mutum biyu ke saɓawa a kafaɗa.

Tsohuwar unguwar da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa cikinta sunanta Pelourinho, kuma Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Gidajen an shafe su da fenti kala-kala, makaɗa na kiɗa, ana ta ɗaukar hoto. Sai dai kuma ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Ƙidayar 2022 ta nuna birnin na da mutane kimanin miliyan 2.4, kuma wajen kashi 80 cikin 100 masu jinin Afirka ne. Duk kwanar da ka sha sai ka ga mace cikin fararen tufafi da ɗaurin kallabi tana suyar ƙosai da manja. Sunansa a can "acarajé", kuma wanda ya zauna cikin Yarabawa ba ya bukatar a gaya masa cewa akara ce.

A cikin aji

Makarantar tamu ƙarama ce, awa huɗu muke yi kowace safiya, mu tara a aji, akasari Turawan Jamus da Amurka da wasu 'yan Japan biyu. Abin da ya fi wahalar da kowa shi ne sautin hanci irin na "pão" da "não", wato burodi da a'a, da kuma yadda fi'ili ɗaya ke sauya kama sau barkatai. Amma akwai wuraren da Bahaushe ke da sauƙi a kan Bature ɗan Ingila ko Amurka. Kowane suna a harshen Fotugal ko namiji ne ko mace, kamar dai a Hausa, don haka tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Matsalar kawai ita ce jinsin ba koyaushe yake dacewa da namu ba: mu rana mace ce wata namiji, su kuma "o sol" namiji ne, "a lua" mace.

Ranakun mako ma haka. Suna kiran Litinin "segunda-feira", Talata "terça-feira", Laraba "quarta-feira", Alhamis "quinta-feira", ma'ana ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar, daidai da lissafin Larabcin da muka aro namu sunayen daga gare shi. Ga kuma kalmomin Larabci birjik, gadon ƙarnonin da Musulmi suka yi suna mulki a ƙasar Andalus: "arroz" shinkafa, "açúcar" sukari, "azeite" man zaitun, "fulano" wane. Wanda ya yi makarantar allo ya ɗan taɓa littattafai zai riƙa cin karo da tsofaffin abokai a cikin ƙamus.

Ranar da aka ce kowa ya gabatar da kansa ya faɗi harshen da ya sha a nono, da na ce ni "haussá" ne, sai malamar tamu, wata dattijuwa 'yar asalin garin, ta ajiye allinta ta ce ai ko jiya ta ci shinkafata. Nan ta yi bayanin wani abinci da aka sani a duk faɗin Bahia mai suna "arroz de hauçá", wato shinkafar Bahaushe: shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi kamar tuwo, a zuba mata soyayyen busasshen nama da albasa a sama. Na ce, "Malama, ai wannan tuwon shinkafa ne ya haɗu da kilishi." Bayan 'yan watanni, da ta ga karatuna ya fara nisa, sai ta kawo mini littafin masanin tarihin nan ɗan Bahia, João José Reis, mai suna Rebelião Escrava no Brasil, wanda ya fara fitowa a 1986 aka faɗaɗa shi a 2003. Shi ne littafi na farko da na karanta daga bango zuwa bango da harshen Fotugal, ƙamus na gefena.

Yadda Hausawa suka je Bahia

Birazil ita ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka: kimanin mutum miliyan 4.8 aka sauke a tashoshinta cikin shekaru wajen 300. Bahia na da wata alaƙa ta musamman da gaɓar tekun da ta taso daga Wida zuwa Porto Novo da Badagry da Legas, wadda takardun Fotugal ke kira Onim. Sirrin wannan alaƙa taba ce. Manoman Bahia na da wata taba mai ƙarancin daraja da doka ta hana a kai Fotugal, sai suka riƙa shafe ta da ruwan rake mai kauri don kada ta bushe, ita kuwa wannan taba mai zaƙi sai ta zama abin so a wajen sarakuna da dillalan bakin teku. Da ita aka riƙa sayen mutane.

Hausawa sun fara isa Bahia da yawa ne bayan 1804, shekarar da aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yaƙe-yaƙen Tafkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808, da waɗanda suka biyo baya a Kano da Katsina da Zazzau da Barno, duk sun haifar da kamammu daga ɓangarorin biyu: akwai mutanen sarakunan Haɓe, akwai kuma jama'ar Shehu da aka kama a inda aka ci su da yaƙi. Fatake suka riƙa gangarowa da su ta ƙasar Nufe da Oyo har bakin teku. Shugabannin jihadin sun san da wannan ɓarna, domin kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi gargaɗi a cikin Infaƙul Maisuri kan sayar wa fataken ƙasar Yarabawa bayi Musulmi, saboda a hannun Nasara suke ƙarewa. Gargaɗin bai tsayar da cinikin ba. Wannan magana ce mai ɗaci, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: hannun da ya fara kama waɗannan mutane na gida ne.

Akasarin waɗanda aka tsallaka da su maza ne matasa, da yawansu sun san yaƙi, wasunsu kuma sun yi karatu. An kai wasu gonakin rake na karkarar da ake kira Recôncavo, wasu aka bar su cikin birni suna dako da ƙananan sana'o'i. A birnin akwai wani tsari da bawa zai fita ya nemi kuɗi da kansa, ya kawo wa ubangijinsa wani adadi da aka yanka masa duk mako, abin da ya saura nasa ne, kuma da shi zai iya tarawa ya fanshi kansa. Bahaushe bai ga baƙon abu a nan ba, domin wannan shi ne murgu da fansa da ya baro a gida. 'Yan dakon suna da matattara a kusurwoyin tituna, kowace ƙabila da tata da shugabanta, suna kuma yin adashi don fansar junansu. A waɗannan matattarai ne labari ke yawo daga unguwa zuwa unguwa.

Shekaru goma na tawayen Hausawa

A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahia, Conde da Ponte, ya samu labarin cewa bayi Hausawa na shirin tawaye ranar wani bikin Kirista da ake kira Corpus Christi. Sun naɗa wakili a kowace unguwa, sun shirya cinna wa gidan kwastan wuta don a ɗauke hankalin sojoji, kuma cikin abin da aka ce sun ƙudurta har da ƙwace jiragen ruwa su koma gida. Da aka kai samame gidan da suke taruwa, an samu ɗaruruwan kibau da itacen yin baka da wuƙaƙe. Kwari da baka a tsakiyar birnin Salvador! An yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa, aka yi wa sauran bulala.

Ba a daɗe ba, a watan Janairu na 1809, ɗaruruwan bayi, akasari Hausawa, suka gudu daga birni da gonaki, aka yi arangama da su a hanya. Wani babban tawaye kuma shi ne na ranar 28 ga Fabrairu, 1814, lokacin da mutum wajen 250 suka afka wa sansanonin masunta da ke kusa da Itapuã, suka ƙone su, suka nufi yankin gonakin rake suna kiran bayi su biyo su. Sojan doki ya tare su a bakin kogin Joanes, aka kashe fiye da hamsin daga cikinsu. A takardun shari'ar wannan tawaye, an ambaci jagoransu da sunan João, aka kuma ce mutanensa suna kiransa "malomi". Akawun da ya rubuta kalmar abin da kunnensa ya ji kawai ya rubuta, amma ni da kai mun san malami ake nufi. A 1816 aka sake wani a yankin Santo Amaro da São Francisco do Conde. Tsawon waɗannan shekaru goma, sunan "ussá" ko "auçá", kamar yadda suke rubuta shi a lokacin, abin tsoro ne a kunnen masu gonakin Bahia.

Daren 25 ga Ramadan

Tawayen da ya fi shahara shi ne na 1835, wanda ake kira tawayen Malê, kalmar da ta fito daga "imale", sunan da Yarabawa ke kiran Musulmi da shi. Kafin wannan lokaci lissafi ya sauya. Tun daga tawayen Afonja a Ilori a 1817, wanda bayi Hausawa na ƙasar Oyo suka taka rawa a cikinsa, ƙasar Yarabawa ta rikice da yaƙi, don haka jiragen da suka riƙa zuwa Bahia a shekarun 1820 da 1830 cike suke da Yarabawa, waɗanda ake kira Nagô a can. A ƙiyasin Reis, Salvador na da mutane kimanin 65,500 a 1835, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku haifaffun Afirka ne.

An tsara fitowar ne da asubahin Lahadi 25 ga Janairu, wadda ta yi daidai da 25 ga Ramadan na shekarar 1250 ta Hijira, ranar da mutanen gari ke can wajen wani biki a unguwar Bonfim. Wata 'yantacciyar baiwa mai suna Guilhermina ta tsegunta wa hukuma tun daren Asabar. Wajen ƙarfe ɗaya na dare 'yan sintiri suka ƙwanƙwasa wani gida a gangaren Ladeira da Praça, sai mutum wajen sittin suka fito sanye da fararen riguna, takubba a hannu, layu a wuya. Suka fara nufar gidan yarin da ke ƙarƙashin majalisar birni don su fitar da wani tsohon malaminsu, Pacífico Licutan, wanda ake tsare da shi saboda bashin da ake bin ubangijinsa, amma ba su samu shiga ba. Suka bi unguwa-unguwa suna tara jama'a har suka kai kimanin 600. A wani wuri mai suna Água de Meninos, gaban barikin sojan doki, aka yi karon ƙarshe. Fiye da mutum 70 daga cikinsu suka rasu, wasu da harsashi, wasu a cikin teku, ɗaya ɓangaren kuma aka kashe tara.

Fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda aka gurfanar Yarabawa ne, Hausawa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma. Duk da haka Hausawa biyu sun fito fili a takardun. Na farko wani malami ne da ya fanshi kansa, mai shagon taba a kasuwar ƙasan birni, inda yake koyar da karatu da salla. Sunan da aka yi masa baftisma da shi Elesbão do Carmo, amma mutanensa Dandará suke kiransa. Na biyu wani bawa ne mai suna Albino, wanda hukuma ta kirawo ya karanta mata takardun Larabcin da aka samu a jikin gawawwaki da cikin gidaje. Ka ga ke nan, Bahaushe na cikin waɗanda ake tuhuma, Bahaushe kuma shi ne tafintan alƙali.

An yanke wa Licutan bulala 1,000. Ranar 14 ga Mayu aka kashe mutum huɗu a filin Campo da Pólvora, kuma harbe su aka yi saboda an rasa haunin da zai yarda ya rataye su. Daga nan duk wanda aka samu da allo ko tawada ko 'yar takarda mai rubutun Larabci ko farar riga ya shiga uku. Majalisar jihar ta kafa doka a watan Mayun da ta ba da ikon korar duk wani 'yantaccen ɗan Afirka da ake zargi, ta kuma hana su mallakar gida ko fili.

Yadda Hausa ta ɓace a can

A 1851 ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya wallafa hirarrakin da ya yi da Hausawan garin, inda suka ba shi labarin garuruwansu irin su Kano da Katsina da Zariya, da hanyoyin da aka biyo da su. A tsakiyar shekarun 1860 wani limami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Bagdadi, ya zauna cikin Musulmin Rio da Bahia, ya kuma rubuta yadda suke ɓoye addininsu, da yadda 'ya'yansu ke tashi cikin Kiristanci. An hana shigo da bayi da gaske a 1850, aka soke bautar gaba ɗaya ranar 13 ga Mayu, 1888. Zuwa wajen 1900, lokacin da wani likita mai suna Nina Rodrigues ke bin tsofaffin 'yan Afirka yana rubuta kalmomin harsunansu, Hausawan da suka rage dattawa ne 'yan ƙalilan. Shi wannan likita yana da aƙidar fifita farar fata, amma jerin kalmomin Hausar da ya tattara yana nan cikin littafinsa Os Africanos no Brasil. A rubuce-rubucen wannan zamani za ka ci karo da "limano" da "assumy" da "tecebá", wato liman da azumi da tasbaha.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, me ya sa al'adun Yarabawa suka rayu a Bahia har yau ana waƙoƙin bauta da harshensu, amma Hausa ta tafi? Dalilan a fili suke cikin tarihin da muka biyo. Hausawan ba su kai Yarabawa yawa ba, kuma zuwansu ya ragu tun da wuri. Kusan dukkansu maza ne, don haka 'ya'yan da suka haifa harshen uwayensu ko na gari suka tashi da shi. Sannan abin da ya riƙe su wuri guda shi ne malami da allo, kuma bayan 1835 waɗannan biyun ne hukuma ta fi farauta. Cikin shekaru ɗari, daga 1804 zuwa farkon ƙarni na 20, aka fara aka gama. Abin da ya rage shi ne sunan shinkafa, da wata ƙungiyar makaɗan bikin kanibal mai suna Malê Debalê da aka kafa a Itapuã a 1979 don tunawa da mutanen 1835, da kuma kalmar "abadá", farar rigar Malê, wadda yanzu ta koma sunan rigar da 'yan kanibal ke sawa. Na yi azumin 2018 a garin, kuma masallacin da muke Juma'a a unguwar Nazaré ƙarami ne, an kafa shi ne a farkon shekarun 1990, limaminsa a lokacin ɗan Najeriya ne. Sabon shuka ne, silsilar farko ta riga ta yanke.

Waɗanda suka dawo

A ƙarshen 1835 jirgi na farko ya tashi da sama da mutum ɗari da aka kora zuwa Wida, wasu ɗaruruwa kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka biyo baya. A Ankara ta ƙasar Gana ana kiran zuriyarsu Tabom, daga gaisuwar nan tasu "tá bom", wato lafiya lau, kuma shahararren ɗan damben nan Azumah Nelson daga cikinsu ya fito. A nan Legas su ne Aguda, kuma a shekarun 1880 yawansu ya haura 3,000. Unguwarsu na nan a tsibiri, wajen dandalin Campos da titin Bamgbose da Kakawa. Magina ne da kafintoci da teloli, akwai Kirista akwai Musulmi, sau da yawa a cikin dangi ɗaya. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wani daga cikinsu ne mai suna João Baptista da Costa ya jagoranci gininsa, kuma duk wanda ya ga gine-ginen Salvador zai gane fuskar masallacin nan take. Ginin Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi tun 1956, an rushe shi a watan Satumba na 2016. Mu ma a wannan ɓangare na teku ba mu iya riƙon abin da aka bar mana ba.

Aikin da ke jiranmu

Takardun shari'ar 1835 suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahia, kuma tun 1968 aka fara buga su cikin mujallar gidan. A 1970 wani masani mai suna Rolf Reichert ya wallafa takardun Larabcin da aka ƙwace tare da fassararsu, akasari ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'i, wasu da hannun gwanaye, wasu da hannun masu koyo. A 2004 wani masani ɗan Rasha, Nikolay Dobronravin, ya nuna cewa a cikin irin waɗannan rubuce-rubuce na Birazil akwai Hausa da aka rubuta da ajami. Waɗannan bayin Allah sun yi ƙoƙari, kuma mun gode musu. To amma mutumin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, ya wanke allo, ya san yadda ake naɗe laya, ya san garuruwan da ke tsakanin Gobir da Zazzau, sannan ya ƙara da harshen Fotugal. Abubuwa huɗun farko muna da masu su dubbai. Na ƙarshen ne ya yi mana ƙaranci.

Kuma hanya a buɗe take. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta daɗe tana koyar da harshen. Gwamnatin Birazil na da wani shiri mai suna PEC-G tun 1965, wanda ke bai wa ɗalibai daga ƙasashe irin namu gurbin digiri ba tare da kuɗin makaranta ba, bisa sharaɗin cin jarrabawar harshe mai suna Celpe-Bras, akwai kuma takwaransa na masu digiri na biyu da na uku. Jami'ar Tarayya ta Bahia na da cibiyar nazarin Afirka tun 1959. Ina kira ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, da masu hannu da shuni na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, da su ɗauki nauyin ko da ɗalibai biyu ko uku ne su je su koyo harshen nan, su zauna da waɗannan takardu, su fassaro mana su da Hausa.

Abu na ƙarshe kuma namu ne mu mazauna Kudu. Hausawan Bahia an raba su da harshensu ne da bulala da doka. Mu babu wanda ya hana mu, amma kowa ya san gidaje a nan Legas da Fatakwal da Onica inda yaro ke jin Hausa amma da buroka yake mayar da amsa. Wanda ya ga yadda ta ƙare a can, ya kamata ya kula da abin da ake magana da shi a tsakar gidansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Água de Meninos da bakin kogin Joanes da gonakin raken Bahia, Ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara gare su. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon sanin tarihinmu da riƙe shi. Sai mun sake saduwa, in Allah Ya kai mu.

Wassalam. Naku, daga Agege, Legas.